Cinya Mai Ƙashin Rogo

Zuwa ga ƙanina Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da mutanen jirginku da tukwanenka. Mu nan lafiya ƙalau, sai gwiwar nan da ke tuna min da kanta duk lokacin da zan hau bene. Na kai takardar nan ofishin kamfaninku kamar yadda aka saba, sun ce za ta same ka a tashar da za ku tsaya gaba. Wayarka kuwa na daina wahalar da kaina, tunda teku ba ta san zumunci ba.

Albishirinka, ɗanka zai zo. Ya kira ni ina tsakiyar yanka yadin wata mata, har almakashi ya kusa cin hannun riga. Ka san lokacin bikinsa ina kwance da gwiwar nan ban samu zuwa ba, shi kuma tun daga nan bai tako gidan nan ba. Gaisuwa ma ta koma ta waya, a tsaitsaye, kamar wanda mota ke jira. To yanzu ya ce ƙarshen wata mai zuwa zai kawo min matar mu wuni tare. Sai dai ya kafa sharaɗi, ya yi ta maimaitawa har ya ba ni haushi: kada in sa mata nama a gaba.

Auta, a nan kaina ya kulle. Na tambaye shi ko ba ta da lafiya ne, ya ce lafiyarta ƙalau. Na ce likita ne ya hana, ya ce ai ita ce likitar, ta dabbobi. Na ce ko tana ganin haramun ne, ya ce a'a, ba ta hana kowa ci ba, ita ce dai ba ta ci. Na ce to kaza fa? Ya ce Mama, kaza ai nama ce. Na ce kifi? Ya ce shi ma. Na ce romo fa, in na tsame naman na ajiye gefe? Sai na ji ya yi wata ajiyar zuciya, ya ce in dai ba zan iya ba su taho da abincinsu.

Su taho da abincinsu gidana, ka ji fa. Ni tun da na yi wayo ban taɓa ganin an karrama baƙo da abin da ba shi da ƙashi ba. In na ajiye wa surukata wake da ganye, me za ta je ta gaya wa iyayenta? Cewa uwar mijinta ta raina ta, ko cewa ba mu da shi? In na ajiye nama kuma, ɗanka ya tashi. Ko ta ina na juya ban ga hanya ba.

Ina jin tsoro, ba zan ɓoye maka ba. In na kuskure wannan zuwan, ba na jin za a yi na biyu, kuma ka san shi kaɗai gare ni. Kai ne kukun da ke ciyar da mutane iri-iri a kan ruwa, ka taimaki yayarka da dabara. Ka rubuta da manyan baƙaƙe, tabarauna ya tsufa.

Allah ya kiyaye hanya, ya dawo da kai lafiya.

Yayarka

*

Zuwa ga Yayata ta kaina,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta same ni ina feren dankali, na karanta na yi ta dariya har injiniyan jirgi ya leƙo ya ga ko mai ne ya fallatsar min. A gaida min gwiwa, a ce mata ta yi haƙuri. Na yi murna ƙwarai da Dogo zai zo. Yaron nan zuciyarki gare shi sak, shi ya sa ba ku jimawa a ɗaki ɗaya.

Yaya, kin zo wurin da ya dace. A jirgin nan akwai wanda ba ya cin saniya, akwai wanda ba ya cin duk abin da ke da fuska, akwai wanda ko albasa ba ya taɓawa, kuma duk tukunyata suke jira. Na ɗauki dabarar wannan na haɗa da ta wancan, har ni kaina wani lokaci ban san sunan abin da na dafa ba. Amma ba a taɓa dawo min da faranti ba.

Ga yadda za ki yi mata kaza ba tare da an zubar da jini ba. Ki kwaɓa fulawa da ruwa ta yi tauri, ki bar ta ta huta, sannan ki yi ta wanke ta a cikin ruwa kamar kina wanke tsumma. Farin zai yi ta fita, kada ki tsorata. Abin da zai rage a hannunki mai danƙo ne, shi ne tsokarki. Ki yayyanka laimar kwaɗi ki soya da albasa har ta yi duhu, ki daka dafaffen wake, ki haɗa su duka da tafarnuwa da citta da barkono. Laimar kwaɗin ta kanti nake nufi, wadda ake sayarwa a roba, kada ki je ki tsinko ta gindin katanga ki kashe mana suruka.

Fata kuma, ki ɗora madarar waken suya a faffaɗar tukunya, wuta kaɗan, za ki ga wata yana tana taruwa a sama. Ki ɗago ta da tsinke a hankali, ki naɗe tsokar da ita, ki soya. In kin gama ki sa garwashi ɗaya a ƙaramin kofi a tsakiyar tukunya, ki ɗiga masa mai, ki rufe. Hayaƙin nan shi ke yi wa hanci ƙarya. Miya kuwa ki yi ta tumatir da madarar kwakwa. Rabinta wani ɗan jirginmu ya koya min, ɗaya rabin na wani ne da ba sa ga maciji da juna, amma a cikin tukunya sun shirya.

Ke da kike kallon riga sau ɗaya ki ɗinka irinta har mai ita ta kasa bambancewa, wannan ba zai gagare ki ba. Ki yi ta yadda in ta gani za ta ce ba a rage mata komai ba.

Ƙaninki, sarkin tukwanen teku

*

Auta,

Sallama da gaisuwa. Na samu taka, na gode, ko da yake baƙaƙen naka ba su girma ba.

Karon farko na wanke fulawar nan har ta ƙare tas, na tsaya riƙe da ruwa. Na ce lallai Auta ya mai da ni abin wasa. Karo na biyu ta bar min wani abu kamar tsohuwar robar siket, na tauna har haƙorina ya yi sanyi. A kantin da na je neman laimar kwaɗi kuwa, sai da na waiga na tabbata ba wanda ya san ni kafin na ɗauka. Abin da muke takewa da ƙafa muna yara, yau ga shi a firji an lulluɓe shi da leda.

Daga baya na gane inda matsalar take. Ni ban taɓa ɗinki da ka ba, sai an ajiye min samfur a gabana. Sai na je na sayo cinyoyin kaza na gaske, ina fito da ɗaya ina ajiyewa a kan katako, ina kallo ina kwaikwayo. Inda ta yi tudu na yi tudu, inda ta lotsa na lotsa. In na gama gwajin ranar sai in dafa samfurin in ci abina, tunda ni ba likitar dabbobi ba ce. Tukunya da wuƙa da katakon surukar kuwa sababbi na saya, ba su taɓa haɗuwa da na kazar ba.

Amma ka manta da abu ɗaya, malam kuku. Cinya ba ƙashi ai curi ce kawai. Na zauna na fere rogo da ƙaramar wuƙa, na fitar masa da kai mai dunƙule biyu, na gasa shi a hankali har ya bushe ya yi fari. Fatar nan taka tana zamewa, sai na kama ta da allura da zare, in ta soyu in zare abina. Har 'yan ƙofofin gashi na huhhuda mata da bakin allura.

Jiya na sauka ƙasa na kai wa maƙwabciyata Maman 'Yan Biyu ɗaya ban ce mata komai ba. Ta ci, ta lashe yatsu, ta ce wannan kazar a ina na saya, ba ta da ƙarni. Da na gaya mata sai ta ajiye farantin ta dube ni, ta ce in ji tsoron Allah in daina yi wa manya wasa. Har na hau bene ba ta yarda ba.

Ya kamata in yi murna, kuma na yi. Amma akwai abin da ke min yawo a ka. In yarinyar nan ba ta son nama, me ya sa nake wahalar yi mata abin da ya yi kama da shi? In kuma tana so, me ya sa ba ta ci? Na tambayi kaina har na gaji, sai na koma kan kekena. Kai ne masani, na bi naka.

Saura kaɗan su zo. Ka sa mu a addu'a.

Yayarka

*

Auta,

Sallama. Ban jira amsarka ba, don in ban faɗa wa wani ba ƙirjina zai fashe.

Sun zo. Yarinya ce doguwa mai sanyin murya, ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ni, ta kawo min man shafawa na gwiwa. Wallahi ina ganinta na ji ta shiga raina. Ɗanka kuwa ya rame kaɗan, yana ta kalle-kallen ɗaki kamar baƙo. Muka yi hira, har ta tambaye ni yadda ake sa zare a keke. Na ce a raina yau Allah ya rufa asiri.

Da azahar na kawo abinci. Shinkafa a gefe, miyarka ta kwakwa a gefe, sannan na ɗauko babban faranti a rufe na ajiye a gabanta. Na so in ba ta mamaki, shi ya sa ban yi bayani ba. Na buɗe, hayaƙin nan ya tashi, cinyoyi sun yi jajir suna ƙyalli. Na ce, "'Yata, ga kazarki."

Sai na ga fuskarta ta canza. Ta kau da kai, ta sa gefen mayafi a hanci. Ɗanka ya dubi farantin, ya dube ni.

Ya ce, "Mama, me na roƙe ki?"

Ni kuma dariya na cina, na ce su ci dai su ji. Yanzu da nake rubutawa na ga wannan maganar ba ta taimaka ba. Ya ɗauki ɗaya ta wajen ƙashin, ya gutsura, ya tauna, ya ajiye. Na ce to, fulawa ce da wake da laimar kwaɗi, kawunka ne ya koya min. Ya tashi ya shiga kicin wai zai ɗebo mata ruwa. Auta, na manta samfurin ƙarshe yana nan kan katako, ɗanye, ga ƙasusuwan na jiya a kwandon shara.

Ya fito riƙe da cinyar a hannu. Na fara bayani, harshena ya sarƙe, na ce wannan ta kallo ce. Ka ji yadda maganar take a kunne, kaza ta kallo. Na rantse masa da Allah babu nama a farantin nan.

Ya ce, "Mama, har da rantsuwa?"

Wannan kalmar ita ta fi yi min ciwo. Yarinyar tana ta cewa ya zauna, ba komai, ita shinkafa ma ta ishe ta, amma ya riga ya ɗauki makullin mota. Ni ma zuciya ta ɗebe ni. Na juye cinyoyin a kula, na bi su har ƙasa da gwiwar nan, na tura ta kujerar bayan motar. Na ce ya tafi da ita ya kai duk inda ake gwada abinci a gwada. Na kuma ce wanda bai yarda da rantsuwata ba, kada ya sake hawa benen nan.

Yanzu ga ni zaune, shinkafa ta huce, ban san laifin wa ba ne. An ce kada in dafa nama, ban dafa ba. An yi fushi don na dafa nama. Da na yi shi bai yi kyau ba, da yanzu suna nan muna shan shayi. Wato ƙwarewar ce laifin? Ka warware min, don ni kaina ya ɗaure. Wayata ma na kashe ta na jefa a durowar keke.

Yayarka

*

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaida Kawu da fatan aiki na tafiya lafiya. Ni ce matar ɗanku. Ba mu taɓa haɗuwa ba, ina neman afuwa da na fara da takarda. Na samu adireshin kamfaninku a wurin maigidana, kuma bai san na rubuto ba.

Na san Mama ta gaya muku abin da ya faru. Akwai abu biyu da nake ganin ya kamata ku sani.

Na farko, ba haka kawai maigidana ya tashi ba. Kafin aurenmu, da ya gaya wa Mama ba na cin nama, ta ce masa ranar da na shiga gidanta sai na ci, ko da ban sani ba. Ni da na ji na ɗauka wasa ne irin na iyaye. Shi bai ɗauka haka ba, ya riƙe maganar a ransa, kuma ita ta hana shi kawo ni tun tuni. Da ya ga farantin nan, ita ya gani.

Na biyu, da muka isa gida na buɗe kular don in wanke in mayar. Ban so dubawa ba, amma idona ya faɗa kan ƙashin. Kawu, aikina kenan, na san ƙashin kaza. Wannan kansa ya yi kyau har ya wuce na gaske. Na sa farce na tsaga, sai ga jijiyar rogo a tsakiya. Na ɓare fatar, na ga ramukan allura a jere, tazararsu ɗaya. Na zauna a ƙasan kicin na yi kuka, don ban san wani ya taɓa ɓata lokaci haka saboda ni ba.

Na kira shi na nuna masa. Ya tsaya yana juya rogon a hannu, ya ajiye ya fita. Tun ranar ba ya cin abincin kirki. Ya kira Mama, wayarta a kashe. Na ce mu koma, ya ce da wane ido zai dube ta bayan ya ƙaryata rantsuwarta, kuma ita da bakinta ta hana shi hawa benen. Ya taɓa tuƙa mota har bakin layinsu ya juyo.

Abin da ya fi damuna, Kawu, ko da na san rogo ne, na kasa ci. Na gwada, na kai baki, na mayar na ajiye. Tun ina ƙarama haka nake, ba tsokar kaɗai ba, ganin siffar ma ya isa. Yanzu ban san me zan ce wa Mama ba. In na ce na ci, na yi ƙarya. In na ce ban ci ba, na ƙara mata ciwo. Ni ce sanadin shiga tsakanin uwa da ɗanta, kuma ban san ta inda zan gyara ba. Ku ba ni shawara.

Allah ya ƙara girma.

'Yarku

*

Yaya,

Sallama. Takardunki biyu da wata ta uku sun same ni rana ɗaya. Ta ukun daga surukarki take, na sa miki ita a cikin wannan ambulan. Ban nemi izininta ba, in laifi ne nawa ne.

Yau ba dariya. Kin tambaya laifin wa ne, to ki ba ni kasona. Mutanen da nake yi wa wannan girkin a jirgi, yawancinsu suna son nama ne aka hana su, kewarsa suke yi. Ban tsaya na tambaya ko ita kewarsa take ko gudunsa take ba. Na ba ki maganin wata cuta daban, ke kuma kika ƙara masa ƙashi.

Amma Yaya, ba ki gaya min kin taɓa cewa sai ta ci ko ba ta sani ba. Na san bakinki, na san wasa kike. Dogo bai gaji wasa ba, fushin kawai ya gada.

Ki karanta takardar yarinyar nan. Yaronki ya yi kuskure babba, ya kuma sani. Ki kunna waya.

Ita na rubuta mata cewa ta daina neman shawarar kuku, ta rubuto miki da kanta, ta faɗi gaskiya yadda take.

Auta

*

Auta,

Na karanta. Na sake karantawa.

Maganar da kake cewa, ni ban ma tuna na yi ta ba sai yanzu. In duk abin da na faɗa ina dariya za a ajiye a jira ni da shi, to ai sai in ɗinke bakina. Kuma ka lura, da uwarsa ta rantse bai yarda ba, sai da rogo ya yi magana. Wannan shi ke hana ni sukuni, ba kazar ba.

Ina kewarsa, kada ka ɗauka ba na yi. Jiya na ji takun wani a bene na ajiye almakashi, ashe mai karanta mitar wuta ne. Amma waya tana nan inda take. In na kunna ban san me zai fito daga bakina ba, kuma ka ga inda bakin nan ya kai mu.

Yarinyar kuwa ta ƙara rikita ni. Ta yi kuka don na yi mata, kuma ta kasa ci don na yi mata. To me ake dafa wa irin wannan?

Yayarka

*

Zuwa ga Mama,

Assalamu alaikum. Ina gaida Mama, ya jiki, ya gwiwa? Allah ya ƙara sauƙi. Na ba direban motar da ke bi ta layinku wannan takardar tare da kular Mama, na wanke ta.

Mama, na ga aikin da kika yi. Na ga rogon, na ga ɗinkin. Na gode, kuma ban san kalmar da za ta kai ba. Amma ba zan yi wa Mama ƙarya ba, ban iya ci ba. Ɗanki ne ya cinye su daga baya, shi kaɗai a kicin, yana ci yana share ido, ya ɗauka ban gan shi ba.

Kawu ya ce Mama na tsoron in ta ba ni wake zan ce an raina ni. Wallahi ba haka ba ne. A gidanmu ma an sha wahala da ni, mahaifiyata ta yi faɗa har ta gaji ta ƙyale ni. Ba na jin an rage min komai in babu nama. Abin da ke min nauyi shi ne in zauna a gidan mutane in ga na zame musu aiki.

Akwai abin da na ji kunyar faɗa ranar nan. Tun da muka shigo wani ƙamshi ke fitowa daga kicin, ba na hayaƙin ba, wani daban. Da Mama ta buɗe ƙofa za ta ɗauko shinkafa, na hango wata ƙaramar tukunya a bayan murhu, murfinta a karkace, akwai kabewa da wake a ciki, da wani abu kamar gutsattsarin taliya. Duk hirar da muke yi, ita nake addu'a a kawo. Har yau in na tuna sai yawuna ya tsinke.

Game da ɗanki, ba zan roƙa masa ba, don laifinsa ya fi ƙarfin bakina. Zan dai faɗi abin da na gani. Ya goge takalmansa ya ajiye a bakin ƙofa tun ranar da ya ga rogon, kullum da su yake fita, kullum kuma wurin aiki kawai yake kaiwa. Kalma ɗaya yake jira, ko da ta zagi ce.

In Mama ta yarda, ni ina so in zo, ko ni kaɗai.

'Yarki

*

'Yata,

Wa alaikumus salam. Kula ta iso, gwiwa da sauƙi, man nan naki yana aiki.

Wannan tukunyar da kika hango, ragowar kayan ne na tarkata don in samu abin sawa a ciki bayan kun tafi. Shi ya sa na tura ta baya kada ku gani in ji kunya. Na yi ta ƙoƙarin tuno abin da na zuba, na kasa. Na gwada sau biyu, ba ta fito ba. Tunda hancinki ya riƙe, sai ki zo ki tsaya kusa da ni mu lalubo ta tare. Na jiƙa wake, kuma a wakensa zai fito, ba a siffar kaza ba.

Ki zo ranar hutunki, da wuri.

Shi kuma ban ce ya zo ba, ban ce kada ya zo ba. Ki dai gaya masa faranti uku na wanke.

Mamanki